Amsa da Sunan Makaranta

Sunan 'yata ta fari Zakiyya. Rubutawa na yi, ban faɗa ba, kuma shekara talatin da huɗu ke nan bakina bai taɓa furta shi ba. A gidanmu haka muka tashi muka tarar. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Yaran yanzu in sun ji sai su yi dariya su ce duhun kai ne. Su yi ta yi. Mu a ƙauyenmu na kusa da Shanono kunya muke ce wa abin, kuma a zamaninmu macen da ba ta da ita da baki ake nuna ta a gidan biki.

Tana cika shekara biyu aka yaye ta, yayar mijina Luba ta zo daga Bacirawa ta Kano ta goya ta ta tafi. A can ta yi firamare da sakandare, ta karanci aikin jinya, a can aka ɗaura mata aure. Luba take kira Umma har Allah ya yi wa Luba rasuwa. Ni kuwa Inna, yadda kowa yake kirana a garin nan, har da mai tallan kifi. In ta zo da salla sai ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe ni, in amsa ina kallon tukunya, in ce wa ƙannenta su kai wa baƙuwar Bacirawa ruwa. Yanzu tana Fatakwal da mijinta da ɗansu Sha'aban, tana aiki a wani asibiti. Duk Juma'a takan kira ni. Ina wuni, ina gajiya, ya ƙafa, ya ruwa, ya yaro. Ko minti biyu ba ma cikawa gaisuwar take ƙarewa, sai ɗayarmu ta ce sabis ba shi da kyau.

Maigidana Malam Iliyasu ya rasu shekara shida da suka wuce. Sauran 'ya'yan uku kowa ya kama gabansa, mata biyu suna ɗakunansu, namijin yana Kaduna. Gidan da ake tuƙa tuwon mutum goma ya koma daga ni sai awaki biyu sai rediyo. Gidajen nan manne suke da juna, gona na kan gona, in maƙwabciya ta yi atishawa ina ji, amma duk da haka sai in wuni ban yi magana da kowa ba sai akuya. Abin da yake fitar da ni shi ne Islamiyyar matan aure da muke koyarwa daga azahar zuwa la'asar, ni da shugabarmu Malama Asiya, ƙawata tun muna 'yan mata.

Bara waccan aka ce duk makarantar da take son rajista sai ta mallaki adireshin imel. Asiya yanar ido ta hana ta gani, ko baƙin Alƙur'ani da ka take biyawa, don haka aikin ya faɗo kaina. Na ɗauki wayata na tafi wajen Mati, taubashina, wanda ya yi ritaya daga buga takardu a sakatariya ya buɗe shagon kwafi a kasuwar Shanono. Sai da ya gama tsokanata, wai tsohuwa za ta shiga intanet ta lalata wa mutane, sannan ya buɗe wa makaranta adireshi ya saka mini a waya. Ya ce ai akwai wani ma a ciki da sunana, Aina'u Iliyasu, tun ranar da aka sayi wayar aka buɗe shi, ba wanda ya taɓa aiko da ko sallama. Ya ce saƙonnin duka biyun wuri ɗaya za su riƙa faɗowa. Na ce to, don dai ya bar ni in tafi in sayi gishiri.

Aka rubuta adireshin a allon bakin makaranta. Ɗalibanmu da aure ya kai su garuruwa suka fara aiko da tambayoyi, na tsarki, na azumi, na takaba, irin waɗanda mace ba ta iya yi wa malami namiji. Bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, inda sabis ya fi tsayawa, in yi ta dannawa da yatsa ɗaya kamar kaza tana tsince gero. Duk amsar da na aika da sunan makaranta take fita. Ban tambayi dalili ba, kuma abin ya yi mini daidai.

Wata Litinin cikin damina na buɗe wayar na ga sunanta a jerin saƙonni. Ta fara da, zuwa ga Malama Asiya. Ta ce ta yi ɓarin cikin wata uku ranar Talatar da ta wuce, jinin bai ɗauke ba, tana so ta san hukuncin salla. Na ƙirga a yatsu. Ranar Juma'ar da muka yi waya kwana uku ke nan da ɓarin, na ce ya jiki, ta ce lafiya lau, ni kuma na ce madalla, na ba ta labarin ruwan da aka yi. Na ajiye wayar a kan tabarma na daɗe ina kallon kaji. Ban ji haushinta ba. Wa ya koya mata ta gaya mini abu?

Na rubuta hukuncin yadda yake a littafi. Sai na ga ba zan iya tsayawa a nan ba, na ƙara da ta sha kunun kanwa, ta gasa jikinta, kada ta yi gaggawar komawa aiki, kuma kada ta bari wani ya ce mata ai ba komai ba ne, don komai ne. Sannan na koma farkon saƙon na rubuta sunanta. Sau biyu ina kuskuren harafi. Ban sa hannu a ƙasa ba.

Na san abin da ya kamata in yi. Layi ɗaya ne, in ce ba Asiya ba ce, ni ce. Ni da nake tsayawa gaban mata arba'in ina gaya musu illar ƙarya, sai ga ni ina lallashin kaina cewa ban yi ƙarya ba, makaranta aka tambaya, makaranta ta amsa. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Na tabbata ranar da ta gane ni ce, za ta koma ina wuni, ina gajiya, kuma ba ni da wata hanyar sai wannan.

Bayan kwana biyu ta sake rubutowa ta yi godiya, ta ce ta yi kuka da ta karanta. Daga nan abin ya miƙe. A mako sau biyu, wani lokaci sau uku. A cikin wata huɗu na san 'yata fiye da sanin da na yi mata a shekara talatin. Na san ruwan Fatakwal yana sa ta ƙuncin rai don ba ya ɗaukewa. Na san Sha'aban da Turanci yake ba ta amsa in ta yi masa Hausa, abin yana damunta. Na san in majinyaci ya cika a hannunta sai ta shiga banɗaki ta wanke fuska sau uku kafin ta fito. Ashe ma tana da barkwanci. Akwai ranar da ta kwaikwayi yadda wata likita take tafiya, na yi ta dariya ni kaɗai har maƙwabciyata ta leƙo ta kan danga ta ga ko lafiya.

Kusan kowane saƙo da magana ɗaya take rufe shi, don Allah Malama a riƙa leƙa Inna, ƙafar nan tata. Ni kuma sai in ba ta labarina kamar na wata maƙwabciya. In ce Innarki tana nan da taurin kanta, an ce ta je asibiti ta ce man zafi ya ishe ta. In ce jiya ta yi faɗa da mai taki har sai da aka taru. Har daɗin zagin kaina nake ji. Ranar Juma'a kuma ta kira, mu yi gaisuwar minti biyu, in kashe waya in koma jiran Litinin.

Da kaka ta yi, ina tsakar gida da hantsi ina tsinkar gyaɗa, wayar ta yi ƙara. Saƙon gajere ne. Ta yi sallama, ta ce tambaya ɗaya gare ta da ta daɗe tana cin ta a rai. Ranar da aka tafi da ita Bacirawa, an yi kuka?

Na ture kwandon gyaɗar. Ban taɓa ba wa kowa labarin ranar nan ba, har Malam Iliyasu ya koma ga Allah bai ji shi daga bakina ba. Amma ai makaranta ce take magana, sai na saki jiki. Na ce Innarki da hannunta ta ɗora ki a bayan Luba, ta ɗaure majanyin ta ja shi sau biyu, ta ce a gai da mutanen gida, fuskarta ko gezau. Suna shan kwana ta shiga gonar dawar bayan gida, ba ta fito ba sai da aka kira magariba, da aka tambaye ta ta ce ciyawar awaki ta je yi, alhali hannunta ba ko tsinke. Kwana bakwai nononta yana kumbure tana zazzaɓi, ta ce sauro ne. Shekara da shekaru duk ranar kasuwa sai ta san dabarar da ta yi ta wuce ta gaban direban motar Kano, ko zai ce ya ga yarinyar. Ranar aurenki tana bayan ɗaki wajen masu wanke-wanke, ta cikin taga ta ga fitarki. Na ce tana son ki, son da bai taɓa raguwa ba, bakinta ne ba a koya masa faɗa ba.

Na aika. Ina da al'adar komawa in sake karanta abin da na tura don in ga ko na yi kuskure. Ina buɗewa idona ya sauka a saman saƙon, inda sunan makaranta yake zama. Aina'u Iliyasu na gani.

Gyaɗar ma a nan na bar wa kaji. Na yafa mayafi na tare ɗan acaɓa sai kasuwar Shanono. Na tarar da Mati yana fama da injin kwafi, na ajiye masa wayar a kan tebur na ce ya gyara ɓarnar da ya yi, ya dawo mini da saƙon yanzu-yanzu. Ya sa tabarau ya duba, ya fara murmushin nan nasa na taubasai, da ya kalli fuskata sai ya haɗiye shi. Ya ce saƙon da ya tafi ya tafi, kuma wayar ba ta lalace ba. In mutum ya danna amsa, manhajar takan duba adireshin da aka aiko wa saƙon, sai ta sa shi a matsayin mai aikawa. An rubuto wa makaranta, makaranta ce za ta amsa. Wata huɗun nan haka ake yi.

Na ce to yau me ya canza.

"Yau ba makaranta ta rubuto wa ba, Aina'u," in ji shi. "Ke ta rubuto wa."

Ya juyo da wayar ya nuna mini ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin sunanta. Adireshina ne, wanda ba a taɓa aiko wa komai ba. Sai a lokacin na lura babu zuwa ga Malama Asiya a farkon saƙon. Na tambaye shi a ina ta samu. Ya sosa ƙeya ya ce shi ya ba ta. Makon jiya ta kira Asiya ta yi mata sannu da aikin idon da aka yi mata, ta haɗa da godiyar wasiƙu, Asiya ta ce wace wasiƙa, ita da rabonta da ganin rubutu shekara biyu. Daga nan ta kira shi ta ce Kawu, Inna tana da adireshin kanta? Ya ce bai ga abin ɓoyewa ba.

Na zage shi tas, ya tsaya yana ji. Da na gaji ya ce in matso in ga wani abu. Ya danna amsa, ya nuna mini wata 'yar alama kamar kan kibiya a gefen sunan mai aikawa. Ya taɓa ta, adireshi biyu suka sauko, na makaranta da nawa. Ya ce manhajar zaɓi kawai take yi wa mutum, in bai so ba yana iya canzawa kafin ya aika. Na ce da ya gaya mini haka tun bara waccan. Ya ce ya gaya mini, ina ta maganar gishiri.

Amsa ba ta zo ba. Ranar Juma'a ta kira kamar kullum, muka gaisa, ta ce in an yi hutun makarantar su Sha'aban za su zo su kwana uku. Na ce Allah ya kawo su lafiya. Ba ta ce ta ga saƙo ba, ban tambaya ba. Mako bakwai aka yi haka. Kullum bayan la'asar ina gindin rumbu, tambayoyin mata suna shigowa, ina amsawa, nata babu. An kai amfanin gona gida, gari ya cika da bukukuwa, ana ta aiko mini da ƙosai da alkaki, ni kuwa ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba, ko lokacin takaba. A da ban san abin da na rasa ba, yanzu na sani.

Na yi shiri iya shiri. Na share ɗakin Malam, na sa aka yanka zakara, na daka daddawar da ta taɓa ce wa makaranta tana marmari. Na kuma yi wani shirin da ba wanda ya sani. In na idar da sallar walaha sai in rufe ƙofa in gwada kiran sunan. Harafin farko yana fita, sauran sai ya ƙi fita, in ji kamar surukata marigayiya tana tsaye a bayana.

Suka iso da azahar ranar Alhamis. Ta durƙusa a bakin ƙofa yadda ta saba, amma wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba, ido ta zuba mini. Na ji bakina yana cewa a kai wa baƙi ruwa. Babu wanda zan aika a gidan, na tashi da ƙafata mai ciwo na ɗebo da kaina. Sha'aban na rungume, na yi ta juya shi ina ce masa mijina ya rame, duk abin da ya kamata in yi wa uwar na sauke a kan yaron har ya gaji ya zille.

Kwana uku tana bina. In na zauna ɓarar gyaɗa sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, gwiwarta tana taɓa tawa. Ta duba ƙafar, ta matsa, ta rubuta magani. Ta ci tuwo da miyar daddawar ta ce ta yi daɗi, ta ɗago ta kalle ni, na ce ai daddawar bana ba ta yi kyau ba. Na san jira take yi. Ita ma ta san na sani. Sau nawa ina buɗe baki, abin da yake fitowa sai zancen tsadar taki da wanda ya mutu da wanda ya haihu.

Ranar Lahadi da safe mota ta zo. An saka kaya, yaron ya shiga, maƙwabta sun fito rakiya. Ta riƙe ƙofar motar ta tsaya.

"Inna, ba ki da saƙo?"

Matan unguwa suna tsaye, Asiya ma tana nan da sabon tabaraunta. Na ce, "Ki gai da maigidan. Allah ya kiyaye hanya."

Ta gyaɗa kai a hankali ta ce zai ji. Ta shiga ta ja ƙofa. Na koma ciki na tarar da kofin da ta sha koko a bakin murhu, na zauna a gabansa na yi kukan da ban yi a gaban kowa ba. Haushin kaina nake ji, ba na al'ada ba, ba na surukata ba. Waɗanda suka kafa dokar duk suna kabari, ni ce na rage ina gadinta.

Ranar Laraba da hantsi saƙo ya shigo. Wannan karon sai da na duba ƙaramin rubutun nan na ƙarƙashin sunanta. Adireshin makaranta ne. Ta rubuta, zuwa ga Malama Asiya, mun iso lafiya, mun sami Inna da sauƙi, don Allah a ci gaba da leƙa ta, kuma a tuna mata shan magani.

Na karanta ya fi sau biyar. Ta san babu wata Asiya a nan. Ta zo har gida ta nemi uwarta ba ta samu ba, shi ne ta haƙura ta mayar mini da labulen, don ko ta bayansa ne mu ci gaba da magana. Tausayina ta ji. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na danna amsa. Sunan makaranta ya hau sama da kansa, yana jirana, ba abin da ya rage sai in rubuta Innarki ta gode, mu koma yadda muke har ƙarshen raina. Na lura cewa duk abin da ya faru tsakanina da yarinyar nan wani ne ya zaɓa mini, da iyaye, da Luba, har da waya. Na sa yatsa a kan 'yar alamar, adireshi biyun suka sauko, na taɓa nawa.

Ban yi dogon rubutu ba. Na ce Zakiyya, ni ce, da sanina na sa sunana. Na ce saƙon da kika tambaya a bakin mota ina da shi, na kasa ne. Na ce kada ki sake rubuta wa makaranta, ki rubuto mini, in kuma kin gaji da ni ba zan ga laifinki ba.

Yau Asabar, ba ta amsa ba tukuna, jiya ma ba ta kira ba. An kusa azahar, zan tafi makaranta. Ni ce na kafa dokar kashe waya a aji, na sha ƙwace ta matan mutane, amma tun ranar Laraba tawa a kunne take a kan benci, kuma na ce su yi haƙuri in ta yi ƙara muna tsakiyar karatu.